Jirgin yaƙin da Najeriya ta sayo daga Pakistan: bayani ga masu musu a rumfar mai shayi

A watan Mayun 2025 na rako shanun mahaifina daga Maiduguri zuwa Kara, nan bakin gadar Berger in za ka shiga Legas. Ko da muka sauke kaya na zauna shan shayi, sai na tarar ba farashin sa ake tattaunawa ba, yaƙin Indiya da Pakistan ake ta faman yankewa. Rumfar ta rabu biyu. Ga masu cewa Pakistan 'yan uwanmu Musulmi ne, ga kuma waɗanda suka tashi da kallon fim ɗin Indiya, ba sa son ko ƙuda ya sauka a kanta. Wani dillali ya buga benci ya rantse cewa jirgin da Pakistan ta kakkaɓo jiragen Indiya da shi, irinsa sak Najeriya ke da shi, har guda talatin, ɓoye su kawai aka yi. Na ja bakina na yi shiru, don ya haife ni. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, ko zai amfani 'yan uwa da ke Agege, Mile 12, Sabon Badun, Lokpanta, Anacha da Fatakwal.

Ni ba soja ba ne, karatuna ma a sakandare ya tsaya. Abin da ya sa nake bibiyar labarin jiragen yaƙi shi ne a Wulari na tashi, kuma duk yaron da ya girma a Maiduguri daga 2009 zuwa yau, da ƙarar jirgi ya girma.

Yadda muka san jirgi

Sansanin sojin sama na Maiduguri yana manne da filin jirgin sama, can yammacin gari ta wajen Bulumkutu da Ngomari. Ranar 2 ga Disamba 2013, kafin asuba, 'yan Boko Haram suka auka masa. Sojoji da kansu sun ce an lalata jirage masu saukar ungulu biyu da wasu tsofaffin jirage uku da aka daina aiki da su. Aka sa dokar hana fita ta awa 24, aka rufe filin jirgi. Ina ɗan yaro a lokacin, abin da na fi tunawa shi ne mahaifiyarmu ta tara mu a ɗaki ɗaya, Baba kuma yana ta safa da marwa a tsakar gida, yana tunanin shanun da ya bari a Kasuwar Shanu ba ruwa ba dusa.

Daga nan muka koyi rarrabe ƙara. Mai saukar ungulu tana da nata bugun, kamar ana sussuka. Alpha Jet kuwa, sai ya wuce kake jin tsagewarsa. In ka ji sun tashi bi da bi da sassafe, ka san akwai abin da ke faruwa a Sambisa ko bakin Tafkin Chadi, kuma ka san yau direbobi za su yi ta waya kafin su hau hanyar Damaturu. A watan Maris 2016 gwamnatin Borno ta dakatar da ciniki a kasuwannin shanu huɗu, Gamboru, Dusuman, Shuwari da Ngom, saboda ta ce 'yan ta'adda na shigo da shanun sata suna samun kuɗi. Waɗanda ke Oko-Oba a lokacin sun san yadda Wadara ta yi wuyar gani. To kun ga, a wajenmu maganar jirgin yaƙi maganar tuwon dare ce.

Wane ne JF-17?

Cikakken sunansa JF-17 Thunder, a Chaina kuma ana kiransa FC-1 Xiaolong. Haɗin gwiwa ne tsakanin masana'antar jirage ta Pakistan da ke garin Kamra da kamfanin jirage na Chengdu a Chaina. Ya fara tashi a 2003, Pakistan ta karɓi na farko a 2007. Inji ɗaya gare shi, kuma injin na Rasha ne, RD-93. Yana gudun wajen kilomita 1,900 a awa guda, yana faɗa da jirgi ɗan uwansa a sama, yana kuma jefa bom a ƙasa.

Dalilin ƙera shi ne ya fi jan hankalina, don labari ne da duk ɗan kasuwa zai gane. A shekarun 1980 Pakistan ta dogara da F-16 na Amurka. A watan Oktoba 1990 Amurka ta tsayar da ba ta makamai saboda shirinta na nukiliya, ƙarƙashin wata doka da ake kira da sunan Sanata Pressler. Jirage 28 da aka riga aka ƙera wa Pakistan, ta kuma zuba kuɗinta a kai, aka kai su hamadar Arizona aka jere. Ba jirgi, ba kuɗi, har sai ƙarshen 1998 aka daidaita kan mayar mata da haƙƙinta, wani ɓangaren ma da kayan abinci irin su alkama aka biya. Ka duba fa: ka biya kuɗin sa, mai sa ya riƙe sa ya riƙe kuɗi shekara takwas, daga baya ya ce ga buhunan hatsi ka rage zafi. Wannan ne ya tura Pakistan ta rungumi Chaina hannu biyu, suka sa hannu kan aikin JF-17 a 1999. Yau, a lissafin cibiyar SIPRI ta Suwidin mai bin diddigin cinikin makamai, kashi 81 cikin ɗari na makaman da Pakistan ta shigo da su daga 2020 zuwa 2024 daga Chaina suka fito.

Yadda Najeriya ta isa Kamra

Irin wulaƙancin nan mu ma mun ɗanɗana shi. A 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok, shekarar da Gwoza da Bama suka faɗa hannun Boko Haram, gwamnatin Jonathan ta nemi sayen jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra daga Isra'ila. Amurka, wadda ita ta ƙera su, ta hana. Hujjarta ita ce zargin take haƙƙin ɗan Adam da ake yi wa sojojin Najeriya. A watan Satumba na wannan shekarar aka kama wani jirgi a Afirka ta Kudu ɗauke da tsabar kuɗi dala miliyan 9.3, waɗanda gwamnati ta ce na sayen makamai ne. Abin kunya ne, amma ya nuna irin matsin da aka shiga. Bayan Buhari ya hau kuma aka buɗe shari'o'in dala biliyan 2.1 na kuɗin makamai, wanda wannan wani dogon zance ne daban.

A zamanin Sadique Abubakar yana shugaban sojin sama aka ƙulla da Pakistan sosai. Ba da jirgin yaƙi aka fara ba. A watan Oktoba 2016 aka sa hannu kan sayen ƙananan jiragen koyon tuƙi guda 10 masu suna Super Mushshak, su ma ƙirar Kamra, aka kai su makarantar koyon tuƙin jirgi ta sojin sama da ke Kaduna. Ƙaramin jirgi ne mai farfela, wanda in ka gan shi ba za ka ce na soja ba ne, amma a kansa matuƙi ke fara koyon tashi da sauka. A nawa ganin, cikin duk cinikin da aka yi da Pakistan wannan ne ya fi ma'ana, kuma shi ne wanda ba ka taɓa jin an ambata a rumfar mai shayi.

Sai JF-17. An fara sa masa kuɗi a kasafin 2016, aka ƙara a na 2018. Gwamnatin Pakistan ta tsaya wa cinikin lamuni na dala miliyan 184.3. Jiragen sun iso Makurdi a watan Maris 2021, aka ƙaddamar da su a can a watan Mayu, lokacin bikin cikar rundunar shekara 57. Guda uku ne, Alhaji dillali, ba talatin ba. Najeriya ce ƙasa ta biyu da ta saye shi bayan Myanmar, daga baya Azarbaijan ta biyo. Namu suna ɗauke da na'urar hangen abin hari ƙirar kamfanin Aselsan na Turkiyya. Wato gangar jiki daga Pakistan da Chaina, inji daga Rasha, ido daga Turkiyya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar dai, cikin watan Yuli, kashin farko na Super Tucano ya sauka a Kano. Su 12 ne gaba ɗaya, ƙirar kamfanin Embraer na Barazil amma a Amurka aka haɗa su, kuma dala miliyan 496 aka cire daga asusun rarar man fetur a 2018 don biyansu, abin da ya jawo hayaniya a Majalisa saboda ba a nemi izininta ba tukuna. Mutane da yawa sun raina Tucano da suka ga farfela a hancinsa, gudunsa ma bai kai kilomita 600 a awa ba. Amma yaƙin da ake yi a Borno ba da jiragen wata ƙasa ake yi ba, da mutane ne a kan babura da motocin a-kori-kura a ƙarƙashin bishiyoyi. Wannan aiki yana son jirgin da zai daɗe yana shawagi a hankali ba tare da ya shanye mai ba. JF-17 kuwa an gina shi ne da Indiya a zuciya. Inda ya fi Tucano a wajenmu shi ne sauri, don daga Makurdi zuwa Maiduguri kusan kilomita 700 ne a miƙe, sannan bai zo da sharuɗɗa irin na Amurka ba. Ku tuna yadda aka yi ta rahoton cewa ba za a yi amfani da Tucano a kan 'yan bindigar Zamfara da Katsina ba sai an ayyana su 'yan ta'adda, abin da kotun tarayya a Abuja ta yi a watan Nuwamba 2021.

To wane jirgi ne ya yi faɗan?

Nan ne dillalinmu ya haɗa biyu. Sau biyu a 'yan shekarun nan jiragen Indiya da Pakistan suka gwabza. Na farko a watan Fabrairu 2019: Indiya ta kai hari Balakot ranar 26, washegari Pakistan ta harbo MiG-21 na Indiya ta kama matuƙinsa, Abhinandan Varthaman, ta mayar da shi ranar 1 ga Maris. A wancan karon an yi ta ambaton JF-17 daga ɓangaren Pakistan, ita kuwa Indiya ta dage cewa F-16 aka yi amfani da shi.

Na biyu shi ne na 2025. Bayan an kashe mutum 26 a Pahalgam da ke Kashmir ranar 22 ga Afrilu, Indiya ta kai hare-hare ranar 7 ga Mayu, aka yi kwana huɗu ana musayar wuta, aka tsagaita ranar 10. Pakistan ta ce ta kakkaɓo jiragen Indiya da dama, ciki har da Rafale ƙirar Faransa, waɗanda Indiya ta sayi 36 a cinikin 2016 na kusan yuro biliyan 8. Babban hafsan tsaron Indiya ya amsa cewa an yi asarar jirage, amma ya musanta adadin da Pakistan ke faɗa. Jirgin da ministan harkokin wajen Pakistan ya ambata da bakinsa shi ne J-10C, wanda ƙirar Chaina ne zalla, ya fi JF-17 girma da tsada, kuma Najeriya ba ta da ko ɗaya. Ko shi ɗin ma, ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Akwai na'urorin hangen nesa a ƙasa da a sama, akwai makami mai linzami mai cin dogon zango, akwai matuƙan da suka shekara suna atisaye tare.

Indiya ma ba baƙuwa ba ce

Masu son Indiya su kwantar da hankali, alaƙarta da sojan Najeriya ta ma girmi ta Pakistan a idon jama'a. Makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, da aka buɗe a 1964, shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya Varma. Babangida ya yi kwas a Indiya a 1964, Obasanjo ya yi, Buhari ma ya yi a kwalejin Wellington a 1973. Firayim Minista Modi ya zo Abuja a watan Nuwamba 2024, kuma Indiya na ta tallata wa Najeriya jirginta Tejas da masu saukar ungulu nata. Abin dariyar shi ne ita kanta Indiya ce ta biyu a duniya wajen sayo makamai daga waje tsakanin 2020 da 2024, Yukiren kaɗai ke gabanta.

Inda Indiya ta fi fitowa fili shi ne teku, kuma wannan ya fi shafar ku da ke Apapa da Fatakwal fiye da mu. A 2020, cikin ma'aikatan jirgin ruwa 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su. Indiyawa kuwa sun cika wannan sana'a: a watan Disamba 2019 kaɗai an kwashe Indiyawa 18 daga wani jirgin dakon mai a kusa da Bonny. Shi ya sa a watan Satumba 2022 jirgin yaƙin ruwan Indiya mai suna Tarkash ya zo ya yi atisaye da jiragen sintirin Najeriya, cikinsu har da masu sunan Kano da Sokoto da Nguru. Pakistan ma ta turo jiragen ruwanta biyu Legas a ƙarshen 2019, tana kuma shirya babban atisaye mai suna Aman a Karachi duk bayan shekara biyu tun 2007, inda take gayyato ƙasashe da yawa. Indiya na da nata, Malabar, tare da Amurka da Japan da Ostireliya. Kowa na nuna wa ɗan uwansa yawan abokansa ne, mu kuma ana zawarcinmu a matsayin masu saye. Mu 'yan Borno, sojan ruwan da muka sani shi ne na Baga, inda bandar kifin da kuke sayarwa a Anacha ke fitowa.

Saye daban, riƙo daban

Baba yana da wata al'ada: ba ya sayen sa sai ya san inda dusarsa da harawarsa za su fito. Da wannan idon nake kallon maganar. Jirage uku ba uku ne a sama ba, don jirgi yana da awannin da in ya cika dole a kwantar da shi a buɗe cikinsa, wani kuma ana koyar da sababbin matuƙa da shi. Sannan ku tuna gangar jiki da inji da ido, kowanne da ƙasarsa. Rasha ta shiga yaƙi da Yukiren tun 2022, takunkumi ya yi mata katutu, kuma injin nata ne.

Ba yau muka fara ba. A tsakiyar shekarun 1980 Najeriya ta sayi Jaguar 18 daga Ingila, ba su yi shekara goma suna tashi ba aka ajiye su a Makurdi saboda tsadar riƙo. An sayo F-7 guda 15 daga Chaina a cinikin 2005, da yawansu sun faɗi. Alpha Jet ɗin da muka girma da ƙararsa, tun farkon shekarun 1980 aka sayo shi, asalinsa ma na koyo ne, shi ne ya ɗauki nauyin yaƙin nan shekara da shekaru. Ɗaya daga cikinsu ya tashi ranar 31 ga Maris 2021 don taimaka wa sojojin ƙasa a Borno, ya ɓace da matuƙansa biyu, sai bayan shekara guda aka ga tarkacensa a Sambisa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu suna tsare mu, don wallahi ba don jiragen nan ba, da labarin Maiduguri ya bambanta. Yanzu ga T-129 daga Turkiyya, ga odar M-346 guda 24 daga Italiya, ga Amurka ta amince da sayar da AH-1Z guda 12 a 2022, ga marasa matuƙi daga Chaina. Kowanne da makanikansa, da safayarsa, da harsashinsa, da kuɗin waje da za a nema. Na fahimci dalilin, wanda aka taɓa hana shi ba ya zuba ƙwansa a kwando ɗaya. Amma garke mai Bokolo da Kuri da Rahaji a haɗe, makiyayinsa ba ya barci.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi yi mini nauyi. Jirgi ba ya sanin wanda ke ƙasa, mutum ne ke gaya masa. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin sojin sama ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, a ƙaramar hukumar Kala Balge, mutum sama da 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Wannan ne ma ya sa Obama ya dakatar da cinikin Tucano, sai da Trump ya hau aka ci gaba. Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya faɗa wa masu Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85.

Wanda ya fi taɓa gidanmu shi ne na yankin Rukubi, a ƙaramar hukumar Doma ta jihar Nasarawa, ranar 24 ga Janairu 2023. Makiyaya ne aka kama musu shanu a Binuwai ƙarƙashin dokar hana kiwon sake. Suka je Makurdi suka biya tara, suka ɗauko hayar motoci suka kwaso dabbobinsu. Suna cikin saukewa bom ya sauka a kansu. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ce mutum 39 ne suka mutu, rundunar sojin sama ta amsa cewa ita ta kai harin, kuma bayan shekara guda shugabanta, Hassan Abubakar, ya je Nasarawa ya nuna nadama. Aikin da suke yi a wannan lokacin shi ne aikin da nake yi duk tafiya: a buɗe bayan mota, a kafa tudu, a ja igiya, wani na riƙe da fitila.

Tun daga ranar Baba ya kafa mana doka. In tirela ta lalace a hanyar Lafiya ko Lokoja, ko da shanu sun galabaita, ba a sauke su a daji kuma ba a taru a kunna fitilu. Sai dai a ɗebo ruwa a jarka a ba su a cikin mota, a jira gari ya waye. A tafiyar da na ba ku labarinta a farko, haka muka yi asarar bijimi ɗaya kafin mu kai Kara.